Rigar tantin saman mota da abubuwan da ke kashe ta

A Windhoek, babban birnin Namibiya, bayar da hayar motocin shiga daji ga 'yan yawon buɗe ido sana'a ce da ta tsayu da ƙafafunta. Galibi Hilux ce ko Land Cruiser, an ɗora mata wani ƙunshi mai kusurwa huɗu a saman rufi, wani lokaci har biyu, an lulluɓe shi da tampol mai kauri. Wannan ƙunshin tanti ne a naɗe. Idan rana ta faɗi a gandun dajin Etosha ko tuddan yashi na Sossusvlei, sai matafiyi ya zuge zik, ya yaye tampol ɗin, ya jawo tsani, tantin ya buɗe gida biyu da katifarsa a ciki, ya hau ya kwanta nesa da kunama da maciji da kura. Da safe ya naɗe, ya mayar da rigar, ya kama hanya.

Dabarar ta daɗe. A Italiya aka fara sayar da irin wannan tanti a ƙarshen shekarun 1950, kuma tun lokacin ya kasu kashi biyu: akwai mai murfin akwati mai tauri irin Maggiolina, akwai mai naɗewa irin Air-Camping wanda sai an sa masa riga. Amma inda ya sha gwaji na gaske kudancin Afirka ne da Ostireliya, inda kamfanoni irin su Eezi-Awn da Howling Moon da ARB suka yi suna, domin can ne ake da doguwar hanyar burji da rana mai ƙuna da ƙura marar iyaka. Amurka ta shigo kasuwar daga baya da ƙarfinta. A 2018 kamfanin Thule na Suwidin ya saye Tepui na California, abin da ke nuna harkar ta koma ta manyan kuɗi.

Mai saye yakan duba kaurin katifa, ya shafa yadin tantin, ya ƙirga tagogi, ya girgiza tsani. Rigar waje kuwa da kyar yake mata kallo biyu. Alhali shi tantin da yamma yake fitowa, da hantsi an naɗe shi, kuma duk wanda ya kwana a ciki dare talatin a shekara ya yi ƙoƙari. Ita rigar tana waje dare da rana, ko mota na tafiya ko tana fake a ƙofar gida. Rana a kanta, iskar gudun mota a kanta, ƙaya da reshe da kashin tsuntsu duk a kanta. Don haka ita ke fara mutuwa, kuma da ta mutu tantin da ke ciki ba ya daɗewa.

Yadin da ake yin ta da shi mun san shi a nan gida, domin shi ne dai tampol ɗin tirela da ake lulluɓe buhunan hatsi da siminti. Abu biyu ne a haɗe. A tsakiya akwai saƙar zaren poliyesta, ita ce ƙarfin yadin, ita ke hana shi yagewa. A sama da ƙasa kuma an shafe saƙar da robar PVC, ita ke hana ruwa da ƙura shiga. Masu sayarwa suna yawan kiran lambobi biyu. Ta farko nauyin yadin a kowane murabba'in mita, wanda a rigunan tanti yakan kama daga wajen gram 550 zuwa 900, ga shi yadin tantin kansa bai cika wuce gram 260 zuwa 400 ba. Ta biyu kaurin zaren saƙar, da ake aunawa da ma'aunin diniya: idan an ce zare diniya 1000 ne, ana nufin mita 9,000 nasa ya kai nauyin gram 1000.

Lambobin gaskiya ne, amma ba sa faɗin komai game da yadda aka haɗa robar da saƙar, kuma a nan bambancin yake. Wani yadin ana shafa masa robar tana ruwa-ruwa, ta ratsa tsakanin zaruruwa, sannan a gasa ta ta kama jikin saƙar. Wani kuwa falle biyu na roba ake ɗauka a danne saƙar a tsakaninsu da zafi. Na biyun ya fi araha, ranar farko kuma ba za ka bambance su da ido ba. Sai an sha rana da lanƙwasa ne fallen zai fara ɗagowa daga gefe, ya yi kumburi, ya saɓule. Haka kuma yadi mai kyau ana bi ta samansa da wani siririn shafi na ƙarshe da ke sa shi santsi ya hana datti kama shi. Ana iya samun yadi mai gram 900 da aka cika shi da garin alli don ya yi nauyi a kan sikeli, a sami mai gram 650 da ya fi shi ƙarko nesa ba kusa ba. Duk mai tallan da ba ya da abin faɗi sai nauyin yadi, ni dai ba na sakin jiki da shi.

Rana ce babbar maƙiyiya, kuma ta hanya biyu take ɓarna. Ita PVC a asalinta abu ce mai tauri, da ita ake yin fayif ɗin ruwa. Kafin ta yi laushin da za a naɗe ta, sai an cakuɗa ta da wani sinadari mai maiƙo wanda kan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin robar. Wannan sinadari bai haɗe da ita har abada ba, zaune kawai yake a tsakanin ƙwayoyinta, zafi kuma yana koro shi waje a hankali. Shi ya sa tsohuwar riga takan yi danƙo a sama, ƙura ta manne mata, daga baya ta bushe ta ƙandare. Abu mafi ban haushi shi ne idan maiƙon ya fita yadin yakan tsuke. Rigar da a da take shiga salin-alin sai ta koma sai an yi kokawa da ita, musamman da sanyin asuba. A hamadar Namib ko Kalahari cikin Yuni da Yuli dare kan yi sanyin da ruwa ke kusan daskarewa, kuma robar da ta tsufa a irin wannan safiya ba ta lanƙwasuwa. Ka matsa mata ta tsage a kusurwa.

Hanya ta biyu ita ce hasken nan na rana da ido ba ya gani, wanda ke ƙona fata. Shi yana kakkarya sarƙar sinadaran robar ne kai tsaye, launi ya koɗe, saman ya yi gari-gari, ƙananan tsagu su bayyana. Windhoek tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,700, ƙarfin wannan haske kuwa yana ƙaruwa da kusan kashi goma cikin ɗari a duk hawan mita 1,000. A Ostireliya ma'aunin hasken yakan kai 11 ko fiye a mafi yawan ƙasar lokacin zafi, matakin da ake ɗauka mafi tsanani. Rigar da za ta yi shekaru tana sheƙi a Jamus ko Ingila, a waɗannan wurare rabin wannan ma sai da kulawa.

A nan ne gardamar launi take fitowa. Baƙin garin da ake zuba wa roba don ta yi baƙi yana daga cikin mafi ingancin abubuwan da ke tare wancan haske, don haka baƙar riga ba ta saurin yin gari. Sai dai baƙin abu a tsakar rana yakan haura digiri 70, wannan zafin kuma shi ke koro maiƙo, ya gasa katifa da gam ɗin da ke cikin tantin. Farar riga ko mai ruwan toka ta fi sanyi, amma kariyarta ta dogara da yawan farin sinadarin da aka zuba da kuma ingancinsa, wanda mai saye ba ya iya gani. A ƙasa mai zafi zan ɗauki ruwan toka ko ruwan ƙasa daga masaƙar da aka sani. Baƙi ya fi kyau a hoto, wannan kam ba musu.

Sai iska. Ƙarfin bugunta ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudun mota: idan gudu ya ninka biyu, bugun iska ninki huɗu yake yi. A kilomita 60 cikin awa, matsin bai wuce kilo 17 a kan murabba'in mita ba. A kilomita 120, wanda shi ne iyakar gudu a manyan titunan Namibiya da Afirka ta Kudu, ya doshi kilo 70. Goshin tanti naɗaɗɗe yakan kai faɗin mita 1.4 da tsayin kusan santimita 30, wato kusan kilo 30 ke danna shi awa bayan awa. Wannan ma mai sauƙi ne, yadin zai iya ɗauka. Ɓarnar tana sama, inda iskar da ta tsallake goshi take zuƙo rigar ta ɗaga ta, ta kumbura, ta faɗo, ta sake kumbura, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Kowane kaɗawa lanƙwasa ce a wuri ɗaya, kamar yadda kake lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye. Robar takan fara tsagewa daidai layin da ke kaɗawa, ruwa ya sami saƙar, ya bi zare ya shige ciki. Saboda haka rigar da ta zauna cif a jikin tanti, ko da yadinta matsakaici ne, takan fi mai kauri sako-sako tsawon rai. Bel biyu ko uku da ake ɗaurewa ta sama aikinsu ke nan, kashe wannan kaɗawa. Direban da ya ji fal-fal a saman kansa ya ƙara sautin rediyo, kuɗinsa yake ci.

Duk da haka da wuya ka ga riga ta mutu a tsakiyar yadi. Je ka duba waɗanda aka cire aka jefar, za ka tarar da ɓarnar a wuri uku: ɗinki, kusurwa, da zik.

Kowane sukan allura huda ce a jikin abin da aka yi don kada ruwa ya shiga. Yadin auduga yakan kumbura ya toshe hudar idan ya jiƙe, roba kuwa ba ta yi. Shi ya sa masu aikin ƙwarai suke haɗa manyan gaɓoɓin da walda: a ɗora gefe a kan gefe, a bi da iska mai zafi da abin dannawa, ko a sa a na'urar da ke narka robar daga ciki da igiyar lantarki, har falle biyun su zama ɗaya. Waldar da aka yi daidai, yadin zai yage a wani wuri kafin ita ta buɗe. Amma zik da bel ba sa waldawa, dole a ɗinka su, kuma zaren ɗinkin yana zaune a sarari rana na dukansa. Zaren nailan yana da ƙarfi ranar farko, amma rana tana cinye shi da wuri. Poliyesta mai shafi ya fi shi juriya. Akwai kuma zaren PTFE, wato robar da ake shafa wa kasko don kada abinci ya kama, irin Tenara na kamfanin Gore, wanda masu ɗinkin rumfunan jiragen ruwa ke amfani da shi, rana ba ta yi masa komai, sai dai tsada da wahalar ɗinki. Gwajin mai sauƙi ne: sa farce ka karci ɗinkin tsohuwar riga. Idan zaren ya tsinke ko ya yi gari, to saura ƙiris wata rana a kan hanya gefe guda ya ɓalle gaba ɗaya, alhali yadin garau yake. Kuma tela mai yin ɗinki ƙanana-ƙanana a jere don ya yi kyau, layin yagewa yake shata wa yadin. Tampol taku mai faɗi yake so.

Kusurwa kuwa daga ciki ake cinye ta. Ƙasan tantin allon alminiyom ne ko katako mai gefen ƙarfe, ga hinjis, ga kawunan noti, ga ƙafafun tsani. A hanyar burji mai gargada, irin wadda ta cika Namibiya inda mafi yawan hanyoyi ba kwalta, ko hanyar Gibb River mai kusan kilomita 660 a yankin Kimberley na Ostireliya, motar rawar ɗari take yi daga safe har yamma, kowane ƙarfe mai kaifi yana goga rigar a wuri ɗaya. Idan ka juya riga mai kyau, za ka ga an ninka yadi a kusurwoyi huɗun da kuma inda tsani ke kwanciya. Idan babu wannan ninkin, tsohon tsumma ko guntun tiyub da aka naɗe bakin ƙarfen da shi yana yin aikin.

Zik shi ne abin da ya fi kawo ƙorafi. Yawanci ana sa mai lamba 10, wato faɗin haƙoransa a rufe ya kai kusan milimita 10, kuma sunan YKK na Japan ne ake nema a jikin kan. Tsawonsa kan zagaye gefe uku na tantin, kusan mita huɗu, duk a inda ƙurar taya ke tashi. Ƙurar cikin Ostireliya da ta busassun tafkunan Botswana laushi gare ta, ba inda ba ta shiga. Tana zama a tsakanin haƙora, duk lokacin da aka ja kan zik sai ta ɗan ci cikinsa. A hankali bakin kan ya buɗe, ya daina matse haƙoran, sai ka ja zik ya rufe a gaba yana buɗewa a baya. Mutane da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa zik ya mutu, su tafi neman sabuwar riga, alhali haƙoran lafiya lau suke. Kan ne kawai ya gaji, kuma sabonsa kuɗin ƙwabo ne. Matse shi da filaya yana kai mutum gida, amma ba ya daɗewa. Wanda ya shafa wa zik giris ko baƙin mai don ya yi santsi kuwa, ya haɗa ƙura da maiƙo sun zama abin goge ƙarfe. Tsohon burushin haƙori da ruwa, sannan a goga kyandir bayan ya bushe, ya wadatar.

Akwai laifin da na mai tanti ne. Ana son barin bargo da filo da jakar barci a ciki don a huta da safe, sai ƙunshin ya fi ƙarfin rigarsa, mutum ya hau taya yana danna tanti da gwiwa yana jan zik da ƙarfin tsiya. Wasu masu ƙira sun gudu daga zik ɗin gaba ɗaya, suna amfani da bel mai zagaye ƙasan rigar da ake matsewa da ƙarfe, ko igiyar roba da ƙugiyoyi, ko mannen Velcro. Bel ya fi dacewa da ƙura kuma kowa zai iya gyara shi a ƙauye, sai dai ba ya rufewa ruf kamar zik. Velcro kuma yakan cika da yashi da 'ya'yan ciyawa ya daina kamawa.

Wani abin mamaki shi ne ingancin rigar kansa yana iya zama matsala. Yadda ba ta barin ruwa ya shiga, haka ba ta barin ya fita. Numfashin mutum biyu cikin dare da raɓar asuba sun isa su jiƙa yadin tanti da ƙasan katifa. A naɗe shi haka, a rufe da tampol, a bar mota a rana: cikin kwana biyu zuwa uku fumfuna ta fara. Baƙaƙen ɗigo a jikin yadi ba sa fita duka, warin kuma ya zauna a katifa. Wanda dole ta sa ya naɗe tanti a jiƙe, ya buɗe shi a zango na gaba ko da awa ɗaya ce.

Ganin duk wannan ne ya sa da yawa suka koma ga mai murfi mai tauri, wanda ba riga ba zik, minti ɗaya ya buɗe. Gaskiya ne ya fi sauƙi, kuma ba ya kaɗawa a iska. Sai dai shi ma yana da nasa ciwon. Murfin faiba-gilas yana da shafin waje da rana ke mayarwa gari idan ba a goge shi da man kariya, kuma yana tsagewa idan ya daki reshe, amma ana iya yi masa faci. Robar ABS mara nauyi ce kuma mai araha, amma ita kaɗai ba ta jure rana, sai an ɗora mata wani falle a sama. Idan fallen siriri ne, bayan 'yan shekaru takan yi rauni ta fashe a inda aka ɗaure noti, gyaranta kuma da wuya. Alminiyom, irin wanda kamfanin Alu-Cab na Cape Town ya shahara da shi, rana ba ta dame shi ba, har kaya ana ɗora masa. Nasa gwajin gargada ce, domin girgiza ta dogon lokaci tana neman walda da ribit a duk abin da aka yi da alminiyom. A gaɓar tekun Namibiya wajen Swakopmund, inda hazo mai gishiri ke yawan sauka, wurin da notin ƙarfe marar tsatsa ya taɓa alminiyom yakan fara yin farin gari idan ba a raba su da wani abu ba. Sannan dukansu sun dogara da robar da ke zagaye bakin murfi da ƙananan shokozoba masu gas irin na but ɗin mota. Roba ta kwanta, ƙura ta shiga. Shokozoba ta saki, murfi ya sauko wa mutum a ka. Ga nauyi: rufin yawancin motoci kilo 75 zuwa 100 aka yarda ya ɗauka a cikin tafiya, har da ƙarafan da aka ɗora tantin a kai, manyan tantuna masu murfi kuwa wasu su kaɗai sun doshi wannan iyaka.

Abin da ya sa har yanzu nake ganin darajar mai rigar tampol ga mai doguwar tafiya shi ne an yi ta ne don a sauya ta. A yawancin tantuna gefe ɗaya na rigar yana da igiya ɗinke a baki, wadda ake zurawa cikin wata kwarya ta alminiyom a jikin allon ƙasa. Zare ta kawai za ka yi ka zura sabuwa. Don haka tambayar da ta kamata a yi wa mai sayarwa ita ce ko ana samun rigar ita kaɗai, kuma nawa take. Ƙaramar huda kuwa aikin mai faci ne: a wanke wurin, a yanko guntun tampol iri ɗaya mai zagayayyun kusurwoyi don kada ya ɗago, a shafa gam ɗin PVC a ɓangare biyun, a bari ya sha iska, a danne, a yi ciki da waje. Sholishon facin tiyub ba ya kama wannan robar, kuma fetur ko tina da wasu ke goge datti da su maiƙon yadin suke tsotsewa.

Idan ta kai ga sabuwa kuma babu ta kamfani a kusa, masu ɗinkin tampol na tirela da rumfar adaidaita sahu a Kano ko Maraɗi suna da keken da hannun da aikin ke buƙata, kamar takwarorinsu na Maun a Botswana ko Windhoek. Abu ɗaya ne za a kiyaye: kada tela ya warware tsohuwar rigar ya yanka sabuwa a kanta, domin tsohuwar ta riga ta tsuke. A kai masa motar da tantin a sama, da duk shimfiɗar da aka saba bari a ciki, ya auna ƙunshin a naɗe, ya bar 'yar rarar da sabon yadin zai tsuke a cikinta, ya kuma sauko da leɓe mai faɗin yatsa uku ya rufe zik ɗin daga rana.